Yadda Barau Ya Ɗora Gasa a Sikeli

Shekara goma sha huɗu Barau ya yi yana loda jakunkunan alhazai a cikin jirage a filin jirgin sama na Madina, amma duk wanda ya ji shi a waya da mutanen garinsu Malumfashi zai rantse ba abin da ya kawo shi ƙasar nan sai koyar da ƙwallo. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba ta fi gishirin miya yawa ba. Ɗaliban kwalejoji Hausawa suna da wata gasa da suke yi duk shekara a wani fili da ke bayan unguwar Aziziyya, ƙungiya bakwai, ranar Juma'a bayan La'asar. Barau ne shugaban kwamitin gasar, don shi kaɗai ya yarda ya riƙa ɗauko raga da jarkokin ruwa. Shi ne kuma kocin 'yan Lugga, wato sababbin ɗalibai daga Najeriya da Nijar da ke koyon Larabci kafin su shiga karatu gadan-gadan. Shekara tara yana horar da su, shekara tara suna zuwa na bakwai.

Malumfashi ba ta san wannan ba. Abin da ta sani hotuna ne. Da yake shugaba ne ke miƙa kofi, duk shekara kafin Barau ya miƙa wa masu shi sai ya ɗaga shi sama, ya washe baki, a ɗauke shi hoto, ya tura gida ba tare da dogon bayani ba. Ƙaninsa Mu'azzam ya wanke guda tara ya jera a shagonsa na cajin waya. To bana kwantiragin Barau zai ƙare bayan aikin Hajji, zai koma gida gaba ɗaya, ga shi kuma ƙungiyar garin, Guguwa, tana neman koci. Kwamitin Guguwa ya ce aikin nasa ne, amma suna so su ga wasansa ɗaya tak ta waya, a zagayen da duk wanda aka ci ya fita.

"Ɗaya kawai?" in ji Barau. "Ku zaɓi wanda kuke so!"

Yana kashe wayar gumi ya karyo masa. A dokar gasar, ƙungiya biyu da suka fi maki su kaɗai ke buga wasan ƙarshe, sauran su koma kan littattafansu. An gama wasannin maki makon jiya, 'yan Lugga kuwa ba su saɓa al'ada ba.

Dabarar ta same shi ne a ɗakin hutun ma'aikata. Talabijin na nuna wasu ƙarti masu kwalkwali suna kokawa a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda. Abokin aikinsa Saif, wani Basudane, ya ce ƙwallon kwalejojin Amurka ce, kuma gardamar da ake yi ita ce, a da ƙungiya huɗu ke shiga zagayen ƙarshe, yanzu an mai da su goma sha biyu, wai don ƙanana su ma su ɗanɗana.

Barau ya ajiye shayinsa. "Saif, maimaita."

Saif ya maimaita.

"Allahu Akbar! Ashe tunanina ya riga ni isa Amurka."

Ranar Laraba ya kira taron kwamiti a falon Malam Ƙasimu, mijin yayarsa Hajo, domin shi kansa a masaukin ma'aikata yake, su huɗu a ɗaki. Kyaftin-kyaftin bakwai suka jeru a kan kilishi. Mai gidan, wani dattijo siriri da ya shekara talatin yana tura alhazai a keken guragu a harabar Masallacin Annabi, ya ja gefe yana jan carbi a cikin falonsa kamar baƙo.

"Jama'a, duniya ta ci gaba ta bar mu," in ji Barau. "Daga bana ƙungiya huɗu za su shiga zagayen ƙarshe."

Abdulmajid, kyaftin ɗin 'yan Fasaha, haifaffen Madina ne, yana jin Hausa sarai amma rabin amsarsa Larabci ce. "Lesh, ya ammi? Me ya sa, baffa? Shekara tara muna yi da biyu, mafi mushkila, ba wata matsala."

"Shi ya sa shekara tara ku kaɗai kuke ci! Wannan gasa ce ko gadon gidanku?"

"Ɗayyib, huɗu. Ku na nawa ne?"

"Ba maganarmu ake yi ba, maganar adalci ake yi."

"Na bakwai ne!" Muryar Hajo ce daga kicin.

Barau ya yi kamar bai ji ba. "Na sake tunani. Huɗu ta yi kaɗan. Shida."

"Bakwai tana bayan shida, Barau, ko a Larabci."

"Yaya, taron maza muke yi!"

"A falona."

Ɗalibai suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Barau ya bugi ƙirji ya ce takwas. Da aka tuna masa cewa ƙungiya bakwai ce a duk gasar, sai ya ce ai nan adalcin yake: har gurbi ya yi saura, wa zai buɗe baki ya ce don kansa ya yi? Na ɗaya zai kara da na biyu, na uku da na huɗu, haka har ƙasa, kowa da sa'ansa. Na bakwai zai kara da na takwas. Tun da babu na takwas, 'yan Lugga sun wuce zagaye na gaba ke nan ba tare da sun ɗaura takalmi ba. Ya faɗi wannan da fuskar mutumin da aka ɗora wa nauyin da bai nema ba.

Bai tsaya nan ba. Wucewa zagaye na gaba ba za ta yi masa amfani ba idan can za a yi masa ruwan ƙwallaye a gaban Malumfashi, don haka ya zo da doka ta biyu, wadda ya ce ko Amurkawa ba su kai ga gano ta ba.

"Ku ba ku san jirgi ba, ni na san shi. Jirgi ba ya tashi sai an daidaita nauyi, gaba da baya, dama da hagu. Matuƙi ba ya tambayar jaka nawa ce, kilo yake tambaya. To haka ƙwallo. Ku 'yan Fasaha kun ɗaga ƙarfe kowa ƙirji kamar firji, ku zo ku banke yaran mutane. Daga yau kowace ƙungiya kilo ɗari bakwai da saba'in za ta zuba a fili. Mutum nawa ne, wannan ruwanta."

"Wallahi, ya ammi, ban taɓa jin irin wannan ba."

"Da ma ba za ka ji ba. Ni na fara."

Abdulmajid ya dubi Barau, ya dubi ƙofar kicin inda ƙamshin man shanu ke fitowa, sai wani murmushi ya suɓuce masa. Ya ce ya yarda, da sharaɗi biyu: a rubuta kowa ya sa hannu, kuma shi zai riƙe sikeli a duk wasan da ba nasa ba. Barau ya sa hannu da irin lanƙwasar da ya kwana biyu yana gwadawa don takardun Guguwa.

Ranar awo ya iso fili da ɗan sikelin hannu mai ƙugiya, irin wanda matafiya ke auna jaka da shi. Ya maƙala ƙugiyar a bel ɗin wani siririn ɗan kwalejin jinya, ya ce mutum biyu su ɗaga. Bel ya tsinke, ɗalibin ya dira a ƙasa riƙe da wandonsa, sikelin kuma ya nuna wasu baƙaƙe da ba wanda ya iya karantawa, bai sake nuna komai ba har yau. Sai da aka je aka roƙo babban sikelin wani mai sayar da dabino, aka kawo shi a bayan mota yana danƙo.

Daga nan aiki ya kankama. Barau na kiran suna, mutum ya hau, ya rubuta nauyinsa a irin takardar da ake ɗaura wa jaka, ya ɗaura masa a wuyan hannu. 'Yan Shari'a suka tashi da mutum goma sha ɗaya. 'Yan Jinya goma sha biyu. Da aka zo kan 'yan Fasaha, aka tara aka tara, na goma yana sauka kilo ya cika. Barau ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Goma! Kun ga ilimi? Abdulmajid, zaɓi wanda zai riƙe muku ruwa!"

"Mabruk, ya ammi. Ina naka yaran?"

Ga su nan tafe, a makare, suna goge baki. Shekara uku ke nan da Barau ya ƙirƙiro abin da ya kira sansanin horo, wato duk Alhamis da Juma'a 'yan wasansa su hallara gidan Hajo. Ita kuwa tausayin yaran da suka baro iyayensu mata take ji, ba ta san ludayi ɗaya ba. Tuwon shinkafa, miyar taushe, man shanu, wanda ya ce ya ƙoshi ta tambaye shi ko ba shi da lafiya. Barau kullum yana ganinsu, bai taɓa duban su da idon mai lodi ba sai yau.

Na farko ya hau, casa'in da biyu. Na biyu, casa'in da biyar. Mai tsaron gida Tahir, wani Bazazzage mai fara'a, ya hau sikelin ya yi ƙara kamar an taka kyanwa: ɗari da ashirin da huɗu.

"Sauka. Me ke aljihunka?"

"Ba komai, Koci."

"To me ke cikinka?"

"Abin da Inna Hajo ta zuba, Koci."

Mutum takwas suka cika kilon 'yan Lugga. Barau ya ce sikelin dabino ne, ya saba da ha'inci. Mai dabino ya ji, ya ce a sauke masa kayansa tun da abin ya zama cin mutunci, sai da aka ba shi haƙuri. Barau ya ce to a ɗan ƙara kilon, ɗari tara ma adalci ne. Abdulmajid ya zaro takarda daga aljihu ya nuna masa lanƙwasar sa hannunsa.

Saura mako biyu a fara. Barau ya rufe sansanin horo, ya kafa wa yaransa dokar azumin Litinin da Alhamis, ya ce ga lada ga ragin tumbi. Suka amsa da ladabi. Abin da bai lissafa ba shi ne, mai azumi a Madina ba ya rasa mai jan hannunsa. Kafin Magariba an shimfiɗa ledoji a masallaci, wannan ya ce zo nan, wancan ya rantse sai an zauna a tasa: dabino, kindirmo, burodin shuraik mai laushi da garin dugga na barbaɗawa. Yaran Barau ba sa iya ƙin dattijo. Suna idar da salla kuma su ce ai wancan buɗa-baki ne, su nufi shagon shinkafar bukhari. Hajo ma da ta ji an sa marayun Allah azumi, sai ta fara aika musu kula a ɓoye don sahur. Da aka sake awo Tahir ya ƙara kilo biyu. Takwas ɗin ma da ƙyar suka shiga, sai da aka tuɓe musu agogo da hula.

A ranar ce kuma Malam Ƙasimu ya iso fili, shi da wasu dattawa goma sha biyar, duk abokan sana'arsa masu tura keke, kowa ƙafa kamar sandar rake.

"Barau, an ce akwai gurbi."

"Malam, gasar ɗalibai ce."

"To mu mene ne?" Ƙasimu ya zaro kati. Duk sauran suka zaro nasu. Katin halartar darasi ne na zauren karatun da suke zama bayan sallar Asuba. "Shekara goma sha ɗaya ina kan littafi ɗaya. Akwai wanda ya fi ni zama ɗalibi a nan?"

Abdulmajid ya buɗe takarda ya karanta da ƙarfi. Ɗalibai aka rubuta, ba a faɗi shekaru ba.

"Malam, me ya yi zafi? Da girmanka?"

"Shekara uku ban ga ƙanzon tuwo a gidana ba, Barau. Ina so in ga inda ya tafi."

Aka ɗora su a sikeli. Hamsin da huɗu, hamsin da shida, hamsin da uku. Mutum goma sha huɗu suka shiga cikin kilon, har da 'yar rara. Jama'a na ta dariya, amma wanda ya fi kowa dariya Barau ne. Me zai gani in ba taimakon Allah ba? Tsofaffi, wasu ko takalmin ƙwallo ba su taɓa sawa ba, ƙaraminsu ya haura hamsin. A wurin ya kira Mu'azzam.

"Ka gaya wa kwamiti Juma'a mai zuwa. Ka kama gidan kallo, babba. Za mu kara da wata tsohuwar ƙungiya, mafi daɗewa a Madina. Ka ce kowa ya zo da abin ƙirga ƙwallaye, yatsu ba za su isa ba."

Juma'a bayan La'asar filin ya cika irin cikar da bai taɓa yi ba. Labari ya zaga Aziziyya, ya kai otal-otal na tsakiyar gari, har masu wankin kwanuka sun nemi izinin awa biyu. Mata sun jera kujeru a inuwar katanga. Dattawa suka iso a layi, suna turo kekunansu da suka loda wa ruwa da tabarmi. Barau ya sha sabuwar rigar wasanni ja, da usur a wuya duk da ba shi ne alƙalin wasa ba. Ya duba wanda zai riƙe waya ya rasa, kowa ya ce shi kallo ya zo, dole ya kai wa Hajo. A fuskar wayar ga gidan kallo maƙil, Alhaji Abdulfattah shugaban Guguwa a kujerar gaba da babbar riga.

"Yaya, nunawa kawai za ki yi. Don Allah kar ki yi magana."

"Ni? Yaushe na taɓa magana?"

Yana juya baya ta gyara zama. "Mutanen Malumfashi, salamu alaikum, Hajo ce ta gidan Sarkin Fawa. Waɗancan masu ƙiba su ne namu, ni na yi kiwonsu. Wancan mai farin gemu kuma mijina ne."

Aka busa usur. Minti biyar na farko 'yan Lugga suka riƙe ƙwallo, Barau yana ta zarya a bakin layi yana ba da umarni da hannu biyu, yana satar kallon waya. Sai dai duk inda ɗan Lugga ya juya, dattijo biyu ne a gabansa, na uku a bayansa yana yi masa sannu. Mutanen da suka saba tura alhaji mai kilo ɗari daga otal zuwa masallaci sau goma a yini, gudun fili ɗaya wasan yara ne a wurinsu. Ba su iya yanka ba, ba su iya buga ta sama ba, sai dai su tura wa na kusa, na kusa ya tura wa na kusa.

Ƙwallo ta zo ƙafar Malam Ƙasimu. Ya sunkuyar da kai, ya miƙa hannu biyu gaba kamar yana riƙe da keke, bakinsa ya faɗi abin da ya saba faɗa shekara talatin idan yana neman hanya a cikin cunkoso:

"Ɗarik, ya hajj! Ɗarik!"

Duk wanda ya zauna Madina wata ɗaya ya san wannan kira, ƙafarsa ma ta san shi. Masu tsaron bayan Lugga biyu suka dare, ɗaya dama ɗaya hagu, har ɗayan yana cewa "Tafaddal, Baba." Ƙasimu ya wuce ta tsakiya, ya tura ƙwallo a hankali ta gefen Tahir.

Filin ya kaure. Hajo ta rangaɗa guɗa a cikin waya.

"Wa ya ce ku ba shi hanya?" Barau ya yi kururuwa.

"Koci, ɗarik ya ce."

"Ko me ya ce! Ku tare shi! Ku kwashe ƙafarsa!"

"Koci, a gidansa muke cin abinci."

Wani Badamagare cikinsu ya yi ta maza, ya sa wa wani dattijo kafaɗa. Dattijon ya zauna daɓas. Ɗalibin ya manta da ƙwallo, ya durƙusa yana kakkaɓe masa riga yana neman gafara, dattijon yana sa masa albarka, kafin su gama gaisawa an zura ta biyu. Aka tafi hutun rabin lokaci biyu da nema. 'Yan Lugga suka zube a ƙasa suna haki, dattawa kuwa ko zama ba su yi ba, suna tsaye suna hirar farashin tayar keke.

Barau ya leƙa waya. Alhaji Abdulfattah ya dafe haɓa. Mu'azzam ya matso da fuskarsa yana raɗa: "Yaya, dabara ce ko? Na ce musu dabara ce."

"Dabara ce mana! Yanzu za ku ga abin da ya sa ake kirana Guguwar Hijaz."

Ba wanda ya taɓa kiran sa haka, amma ya riga ya tuɓe rigar sama. Ya ce shi ma ɗalibi ne, ya taɓa yin rajistar koyon Larabci shekara shida da suka wuce, kuma da ba don jakunkuna sun cinye masa ƙuruciya ba da yanzu a talabijin ake ganinsa. Ya nufi fili. Abdulmajid ya tare shi da ladabi, ya nuna masa sikeli.

"Ni ma?"

"Kai ka rubuta, ya ammi."

Ya hau. Hajo ta taso ta kawo wayar daidai kan allurar.

"Ɗari da ashirin da ɗaya!" Abdulmajid ya sanar, da Hausa tsantsa wannan karon, don kowa ya ji.

"Takalmin ne."

"Cire."

Ya cire. Ɗari da ashirin da ɗaya.

Lissafi ya fito fili: in Barau zai shiga, ko dai mutum biyu su fita su koma bakwai, ko kuma mutum ɗaya tak da ya fi shi nauyi. A duk ƙungiyar mutum ɗaya ne ya fi shi nauyi. Barau ya dubi Tahir, ya dubi raga, ya ɗaga kai sama kamar mai lissafin lodi.

"Tahir, fito."

"Koci, wa zai tsare gida?"

"Wa ke buƙatar mai tsaron gida alhali ƙwallo tana can gidansu? Ina fili, ba za ta ƙetaro tsakiya ba."

Ta ƙetaro a minti na farko. Wani dattijo mai suna Abba ya gan ta a ƙafarsa, ya ɗaga kai ya ga raga wayam, ya tambayi alƙalin wasa ko ya halatta. Aka ce ya halatta. Ya yi bismilla ya tura ta, tana gangarawa a hankali, mutum takwas na bin ta a baya ba wanda ya cim mata. Ta huɗu daga tsakiyar fili aka buga ta. Ta biyar ma Malam Ƙasimu ne ya ce a bar wa babbansu, mai shekara sittin da takwas, don bai taɓa ci ba a rayuwarsa. Tahir na zaune a bakin layi, mata sun miƙo masa sambusa yana ci yana kuka.

"Wancan jan da kuke gani a tsaye ya dafa gwiwa," Hajo ke gaya wa Malumfashi, "shi ne kocinku. Ba ruku'u yake yi ba, numfashi yake nema."

Saura minti uku Allah ya kawo wa Barau rabonsa. Ƙwallo ta bugi gwiwar wani ta dawo gabansa, taku biyar daga ragar dattawa, mai tsaron gidansu ma ya juya yana gyara hula. Barau ya ga hoton da za a wanke na goma. Ya waiwayi wayar don ya tabbata ana nuna shi, ya ɗaga hannu, ya ja da baya, ya kwaso gudu, ya kai wa ƙwallo wani irin duka da ya tara shekara goma sha huɗu yana ajiyewa. Ƙafar ta wuce ta saman ƙwallo. Sauran jikin ya bi ta. Ya tashi sama kaɗan, ya dawo ƙasa da bayansa, ƙarar ta kai har inuwar mata. Ƙwallon tana nan inda take.

"Ƙuguna! Wayyo ƙuguna!"

Nan fa aka ga aikin gwanaye. Kafin 'yan Jinya su taso, dattawa huɗu sun sauke jarkoki daga keke, sun turo shi, sun ɗaga Barau cak yadda suke ɗaga alhazai, sun zaunar da shi, sun ɗora masa ƙafafu a matakai. Malam Ƙasimu ya kama mariƙin keken. Da yake jama'a sun riga sun cika fili ana ihu, hanyar fita ta toshe, sai ya zagaya da shi ta gaban 'yan kallo kaf, dattawa goma sha uku na biye suna tafi, yara na gudu a gefe, alƙalin wasa ya busa tashi ba wanda ya ji.

Keken ya tsaya a gaban Hajo. Ta miƙa wa Barau waya. Gidan kallo ya hargitse, wasu a kan benci, wasu sun riƙe ciki, Alhaji Abdulfattah yana share hawaye da hannun riga. Mu'azzam ya matso.

"Yaya, sannu. Ka ji ciwo?"

"Ƙaramin abu ne. Ka gaya musu wannan zagayen gwaji ne. Ina da shirin faɗaɗa gasar zuwa goma sha shida, wanda aka ci ma yana iya dawowa..."

"Yaya, Alhaji ya ce a gaishe ka. Ya ce tun da yake bai taɓa jin daɗin wasa irin na yau ba."

Barau ya gyara zama a keken, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku?"

"Ya ce kuma kwamiti ya yanke shawara a nan take, ba wanda ya ƙi." Mu'azzam ya rage murya. "Wai wannan dattijon da ya turo ka, ko zai yarda ya zo mana ko na wata uku ne? Suna son lambarsa."

 Hajo ta zare wayar daga hannun Barau.

"Mu'azzam, kana da biro? Rubuta. Sifili, biyar..."